Knausgård ko Fosse: ga wanda za ki fara saya

Ƙanwata, kin tambaye ni wanda za ki fara saya tsakanin marubutan nan biyu na ƙasar Norwe, Karl Ove Knausgård da Jon Fosse. Tunda kuɗin littafi ɗaya ne a hannunki, sayi na Knausgård. Juzu'i na farko na My Struggle kaɗai, kada ki bari a lallaɓa ki ki kwaso duka shidan.

Nawa har bangonsa ya fara ɗayewa saboda aro. Na karanta shi ne lokacin da nake kwana a asibiti wajen jinyar Baba, dare ya tsala, kowa ya yi barci, daga ni sai ƙarar fanka. Farkonsa zai gwada haƙurinki, domin mutumin nan sai ya cinye shafuka masu yawa kan yadda shi da abokinsa suka yi ta ɓoyon kwalaben giya a daren sabuwar shekara. Ki daure. Rabi na biyu ne ya hana ni ajiye shi. Mahaifinsa ya mutu, shaye-shaye ya cinye shi a gidan tsohuwarsa, wato kakar Karl Ove, a garin Kristiansand, sai Karl Ove da yayansa Yngve suka je suka tarar da gidan kaca-kaca: kwalabe ko'ina, ƙazanta, ga kakarsu ta ruɗe. Suka ɗauki bokiti da tsumma, ɗaki bayan ɗaki. Yana goge-goge yana kuka a kan uban da ya tashi yana tsoronsa. Wallahi a wajen nan sai da na rufe littafin na daɗe ina kallon Baba yana numfashi.

Kuma ba ƙagaggen labari ba ne irin wanda kika saba, rayuwarsa ce ya baje. An haife shi a Oslo a 1968, ya tashi a tsibirin Tromøya. Littafinsa na fari, na 1998, ya ci kyautar masu sharhin adabi ta Norwe, abin da sabon marubuci bai taɓa yi ba kafinsa. Tsakanin 2009 da 2011 ya fitar da juzu'i shidan nan, shafi sama da 3,500, da ainihin sunayen mutane, har matarsa ta lokacin. Dangin uban suka fusata, baffansa ya yi barazanar maka shi a kotu. Duk da haka aka sayar da kusan kwafi rabin miliyan a ƙasar da ke da mutum wajen miliyan 5. Sunansa na asali ma a harshen Norwe tsokana ne: Min kamp, daidai da na littafin Hitler, kuma a juzu'i na 6 ya yi dogon sharhi a kan Hitler ɗin. Ni dai har yau ban yafe masa tona asirin kakarsa ba, tsohuwa ba ta ji ba ba ta gani ba. Amma a nan ɗin ne littafin ya fi ƙarfi, wannan kuwa ba na musu.

Shi kuwa Jon Fosse, nadamata ke nan. Ana sanar da ya ci kyautar Nobel a 2023 na yi rawar jiki na yi odar Septology da kuɗi mai zafi. Labarin wani tsohon mai zane ne, Asle, wanda matarsa ta rasu, amma ɗaruruwan shafuka babu aya ko ɗaya, sai waƙafi, magana na ta dawowa kamar mai jan carbi. Na tsaya wajen shafi na 60, yana nan a kabad yana shan ƙura. Ba na raina shi, babban marubucin wasan kwaikwayo ne, shi ma ya koyar da Knausgård a makarantar koyon rubutu a Bergen. In dole sai kin ɗanɗana shi, nemi ɗan ƙaraminsa Morning and Evening daga baya.

Sai ki yi hattara da masu sayarwa, ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Juzu'i na farko sunansa biyu: bugun Ingila A Death in the Family, na Amurka kuma My Struggle: Book One. Littafi ɗaya ne, fassarar Don Bartlett. Wani mai shago ya taɓa rantse mini cewa daban-daban ne, saura ƙiris in biya sau biyu. Akwai kuma na jabu, takarda shara-shara, tawada ta dushe, wasu shafuka a juye. Masu talla a Instagram da WhatsApp hoton na asali suke ɗorawa, abin da zai iso miki daban. Ki ce a ɗauko miki bidiyon littafin ana buɗe shi, ki ga sunan kamfanin ɗab'i da na mai fassara, kuma kada ki tura ko kwabo sai ya shigo hannunki. Wanda ya ce zai haɗa miki shidan a littafi ɗaya, ki toshe lambarsa kawai.