Gawo, dakwara, magarya ko dabino: wane dashe zaka saya in ruwan garinku bai da yawa?

Duk shekara da an shiga watan Yuni zaka ga masu sayar da dashe sun cika bakin titi da ranar kasuwa, leda jere reras kore shar, kuma kowa rantsuwa yake maka nashi ne mai jure fari. Masu gona a Jigawa da Yobe da arewacin Katsina da Sakkwato, har da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, tambayarsu ɗaya ce kullum, wanne zan saya? Toh bari in faɗi abinda na sani, kuma tun yanzu ku sani ni ɗan gawo ne, bana ɓoyewa.

Kafin ka ciro ko sisi ka fara sanin ruwan garinku. Zariya tana samun sama da milimita 1000 a shekara, Kano wajen 800, Maraɗi wajen 500, Damagaram wajen 400, Agadas kuwa ko 200 bata kaiwa. Kowane itace da iyakar da Allah ya yi masa. In ka taso daga Zariya ka nufi arewa zaka ga kaɗanya ta fara ɓacewa, ɗorawa ma tana raguwa, sai kuka da tsamiya da gawo su karɓe fili, in ka ƙara gaba sai aduwa da magarya da dakwara da kandili, gajeru masu ƙaya da ƙananan ganye don kada rana ta zuƙe musu ruwa. Don haka wanda ya kawo maka dashen kaɗanya a Nguru ko Tanut yace zata yi, kuɗinka kawai yake so. Ka leƙa dajin da ke kusa da gonarka ka ga tsofaffin itatuwan da ba wanda ya taɓa basu ruwa, a cikinsu zaka zaɓa.

Yanzu gawo. Wallahi ban ga itacen da ya dace da manomin gero da dawa kamarsa ba, saboda shi komai nasa a juye yake. Da damina ta sauka, lokacin da kowane itace ke fitar da ganye yana rufe shuka da inuwa, shi sai ya zubar da nasa ya tsaya tsirara, rana ta sauka kan gero yadda take so, ganyen da ya zuba kuma ya ruɓe a gindi ya zama taki daidai lokacin da shuka ke nema. Sai kaka ta wuce komai ya bushe sannan ya yi kore, dabbobi su taru ƙarƙashinsa suna hutawa suna zubar da kashi, wani takin kenan kyauta ba ka biya kuɗin kura ko amalanke ba. Saiwarsa kuma tana tara sinadarin nan da muke saya da tsada a buhun yuriya, sannan ƙasa take nutsawa can ta nemo ruwa, bata tsayawa a sama tana rigima da gero. Duk wanda ya taɓa noma gona mai gawo ya san zangarniyar gindinsa daban take da ta fili, ba sai an kawo masa takarda ba. Ga 'ya'yansa jajaye masu lanƙwasa da ke zuba cikin bazara lokacin da harawa ta yi tsada, masu kiwon tumaki har buhu suke saya.

Ba yau aka san darajarsa ba, sarakunan Damagaram na da sun kafa doka mai tsanani kan sare gawo, kuma har gobe in ka bi ta Matamai da Magariya da Mirriya zaka ga gonaki cike da shi kamar an jera. Aibinsa dai shine farkonsa da nawa yake, shekara biyu uku zaka ganshi ɗan tsurut kana cewa anya, ashe aikin a ƙasa yake yi. Kuma akuya bata barinsa, in baka kewaye shi da ƙaya ko kwando ba ka yi wa awakin maƙwabta sadaka. Tazara kuma ka bashi kamar mita 10 tsakani, wato 100 a hekta, in sun girma ka rage.

Darbejiya? Daga Indiya aka kawo ta, ka sa ta ƙofar gida da bakin masallaci da iyakar gona don tare iska, amma tsakiyar gona a'a, inuwarta bata barin komai. Turare na Ostireliya ne, azara kawai zai baka ya shanye maka ruwan ƙasa. Ƙayar nan Prosopis da aka kawo daga nahiyar Amurka, ko kyauta aka baka kace na gode, je ka tambayi mutanen Diffa da bakin tafkin Chadi yadda ta cinye musu fili. Kuka ka saya in ganyen miya kake so, wannan a shekarar farko ma zaka tsinka, 'ya'ya kuwa sai dai yaranka. Aduwa ba abinda ke kashe ta amma haƙuri take so. Goruba da giginya kada ka saya a leda sam, ƙwallon ake binnewa a inda ake so su tsaya, kuma sai wurin da ruwan ƙasa ke kusa.

Wanda ke son itacen da zai kawo kuɗi a hannu, dakwara ce ta biyu a wurina. Ita ke bada ƙaro mai daraja ta ɗaya, irin wanda Sudan ta fi kowa fitarwa a duniya, mu ma Yobe da Borno da Jigawa suna yi, har tashar bincike a kansa akwai a Gashuwa. Tana son jigawa, tana jure ruwan milimita 300 zuwa 400, bayan shekara 4 zuwa 5 ake fara tsaga ta in damina ta ɗauke. Amma kada wani ya ruɗe ka da lissafin miliyoyi, itace ɗaya a shekara yawanci ko rabin kilo baya kaiwa, sai da yawa ake ganin riba. Kuma anan ne cuta ta fara. A leda duk 'yan ƙayan nan kama suke, ganye tsil-tsil iri ɗaya, sai a haɗa maka da dushe ko bagaruwa ko farar ƙaya ace duk dakwara ce. Ni an taɓa min, wani mai gandun dashe da har gaisawa muke ya loda min, sai da suka tasa na ga kusan rabi dogayen fararen ƙayoyi ne bibbiyu, dushe kenan, ƙaronsa daraja ta biyu ne kuma kuɗinsa bai kai ba. Dan Allah ka tsuguna ka duba ƙayar da idonka. Dakwara ƙaya uku take yi a gaɓa ɗaya, gajeru, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa kamar ƙugiya, biyun gefe suna kallon sama. In dashen ya yi ƙanƙanta har ba'a gane ƙayar, ka bari sai wani mako, in mai shi yana maka gaggawa toh ka gane.

Magarya mai aure ma haka. Akwai ta gaske, irin Indiya ce mai manyan 'ya'ya ake aurawa a kan gindin magaryarmu ta gida, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa ta sosai, mutanen Nijar suna ce mata tuffar Sahel, kuma tana saurin haihuwa in tana ɗan samun ban ruwa. Amma abinda wasu ke yi, su ɗauko magaryar daji su naɗa mata farar leda a kara kamar an yi aure, su ninka kuɗi. Ka sa a kwance ledar a gabanka. In auren gaske ne zaka ga tabon haɗi, ganyen sama kuma ya fi na ƙasa faɗi nesa ba kusa ba. In yace kwancewa zai kashe ta, ka ce ka saya ɗayar a kwance, in ta mutu asararka ce. Mai gaskiya baya musu a nan. Bayan ka dasa kuma duk tohon da ya fito ƙasan haɗin ka cire, in ba haka ba ta gidan zata rinjaye ka koma gidan jiya.

Dabino kuwa shine uban cuta, nan ne ake yi wa masu kuɗi da 'yan fansho aski. Da farko ma shi ba itacen jigawa bane, rana yake so a ka amma ruwa a gindi, shi yasa a Ingal da Timiya da Bilma a kwari yake inda ruwa ke kusa. Sannan akwai namiji akwai mace, wanda aka shuka daga ƙwallo kusan rabi maza suke fitowa, kuma ba mai iya gane wanne ne sai ya yi fure bayan shekara 4, 5 ko fiye, macen ma ba lallai ta ɗauko uwarta ba. Amma zaka ga mutum a Facebook da hoton gonar Saudiyya yana cewa Ajwa ce zalla duk mata shekara biyu ta haihu, alhali dabinon buɗa baki ya ci ya zuba ƙwallon a leda. Kafin ka gane ya canza lamba. In da gaske kake, ɗan da aka ɓalle daga gindin uwar da ka gani da idonka tana haihuwa zaka saya, ko ka je tashar binciken dabino ta Dutse ka yi tambaya tukunna.

Abinda ni yanzu nake fara dubawa kafin ganye, kafin ma in tambayi kuɗi, gindin leda ne. Mutane suna son dashe dogo, masu sayarwa sun san haka, sai su ajiye kwantan bara su yi ta bashi ruwa da taki ya yi tsawo ya yi kyau, alhali saiwar ta kai ƙasan leda ta rasa hanya ta naɗe kamar gammo. Irin wannan ko ka dasa saiwar bata miƙewa, zai yi kore damina ɗaya, bazara na zuwa ya tafi, kuma itatuwan ƙasarmu duk rayuwarsu a doguwar saiwar nan take, musamman gawo da baya son ya wuce wata uku zuwa huɗu a leda. Wasu kuma saiwar ta huda leda ta shiga ƙasa, ranar kasuwa a fizge ta a yayyafa ruwa, kafin ka kai gida ya yi yaushi ace maka zafin mota ne. Ka ɗaga ledar ka duba ƙasanta, ka zaɓi guda ɗaya da kanka ba wanda ya miƙo maka ba, ka farke ta. Gara ɗan ƙarami mai tsawon taƙi ɗaya da saiwa miƙaƙƙiya. Haka masu zuwa da ragowar kaya a watan Satumba suna karya farashi, kada ka taɓa, dashe a Yuli ake yi in ƙasa ta sha ruwa sosai, a rami mai faɗi ko cikin ramin tara ruwa mai siffar rabin wata in wurin fako ne.

Shi gawo ma sau da yawa ba sai ka saya ba. Ka zaga gonarka kafin sassabe, akwai kututture masu rai da ƙananan toho da dabbobi suka shuka da kashinsu, waɗanda muke sarewa duk shekara muna ƙonawa. Ka bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane gindi ka datse sauran, saiwarsu ta riga ta yi nisa don haka sun fi na leda saurin tashi. Wannan shine sassaben zamani da aka fara yaɗawa a Maraɗi wajen 1983 tare da Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostireliya, kuma da wannan dabarar manoman Nijar suka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5. Kuɗin da ka ware na dashe ka sayi igiya da kwanduna ka biya yara su saro maka ƙayar kariya, na leda kuma ka sayo kaɗan don cike inda babu toho.