Ƙwallon nan mai kacau-kacau da na saya wa autana

Autana shekararsa 8, da larurar gani aka haife shi, amma duk gidan nan babu mai son ƙwallo kamarsa, in ana sharhin wasan Kano Pillars a rediyo ko abinci ba ya ci. Bugawa kuwa sai dai ya zauna kan dakali yana jin ihun yaran layi. Yayyensa sun taɓa ƙulle masa ƙwallo a leda don ya riƙa jin motsinta, ko minti biyar ba a yi ba ledar ta yage.

Shi ne na ɗauki adashina na yi odar irin wadda masu larurar gani ke wasa da ita, mai 'yan ƙarafa a ciki. Kuɗin kam kun sani, ba sai na faɗa ba.

Ranar da ta iso bayan la'asar ne, yayansa ya gara masa ita daga bakin zaure, sai na ga yaron ya karkata kai ya ɗaga hannu ya ce Umma don Allah ku yi shiru, muka yi tsit har mai wanke-wanke ta tsaya, ya taka ɗaya biyu ya sa ƙafa ya tare ta cak. Wallahi ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba. Ya ce Yaya sake garowa, aka yi ta yi har aka kira magariba, gwiwarsa duk ta kurje bai ma kula ba. Malaminsu ya gaya masa a ƙwallon makafi mutum biyar-biyar ake bugawa, 'yan kallo shiru suke yi, kuma mai zuwa karɓar ƙwallo sai ya ce "voy" don kar a yi karo. Yanzu har kakarsa voy take ce masa in za ta wuce.

To amma fa raina ya ɓaci. A siminti ƙararta rau, a rairayin layinmu kuwa da kyar ake ji, in maƙwabci ya kunna janareta wasa ya tashi ke nan. Wannan na haƙura. Abin da ya fi ƙona min rai, sati uku kacal ɗinkin ya farke ta gefe. Na tura wa mai sayarwar hoto ta WhatsApp, ya karanta, har yau ko sannu. Haba malam, yaron da ke kwana rungume da ita?

Shushaina ne ya ɗinke mana, amma ƙararta ta ragu, yaron da kansa ya ce gefe ɗaya ya daina magana. Zan sake saya in sha Allahu don ba zan iya raba shi da ita ba, amma ba a wajen mutumin nan ba. Wanda ya san inda ake samun mai ƙwarin ɗinki don Allah ya taimaka min.