Zafin Injin Tsohuwar Bas: Yadda Ake Kula da Shi a Jamus da Yadda Muka Saba a Gida

Assalamu alaikum, 'yan'uwa direbobi da masu motocin haya da na ɗaukar kaya. Tun da na fara aikin kai kaya a nan Jamus, tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga gida ita ce ta zafin inji, musamman daga waɗanda suka sayi tsofaffin bas-bas da ake lodowa daga tashoshin jiragen ruwa na Hamburg da Antwerp, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam. Mutum yakan ga allurar zafi ta hau ta tsaya a kan 90, hankalinsa ya tashi, ya garzaya gareji a cire masa tamostat kuma a haɗa fanka kai tsaye. Motar da nake aiki da ita Volkswagen Transporter ce samfurin T4 mai shan gas, irin waɗanda aka ƙera daga 1990 zuwa 2003, saboda haka abin da zan faɗa ya shafi irin motocin da ke hannunku.

Allura a kan digiri 90 alamar lafiya ce. An ƙera yawancin injunan nan ne su yi aiki tsakanin digiri 85 zuwa kusan 100, domin a wannan zafin ne bakin mai yake sakin jiki ya ratsa ko'ina, man da injin ke sha ya ƙone sosai, ƙarafa kuma su buɗe daidai gwargwadon da aka auna musu. Tamostat ƙofa ce ƙarama da ke rufe hanyar lagireto idan injin yana da sanyi, sannan ta fara buɗewa da kanta a zafin da aka buga a jikinta, wanda a motoci da yawa yakan kasance tsakanin 82 da 88. Fankar lantarki kuwa ba ta tashi sai zafi ya kusanci 95 zuwa 100, saboda haka jin ƙararta a cikin cunkoso, ta yi ɗan lokaci ta tsaya, shaida ce cewa komai yana tafiya daidai.

Wani zai ce ai ruwa yana tafasa a digiri 100, to ina tazarar? Amsar tana wurin murfin. Murfin lagireto, ko na robar ajiye ruwa, yana riƙe matsin iska na kimanin bar ɗaya (bar ma'aunin matsi ne) ko sama da haka, kuma a ƙarƙashin wannan matsi ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 120. Idan aka gauraya ruwan da kulant, wato sinadarin da ake zubawa a lagireto, rabi da rabi, iyakar takan ƙara hawa. Wannan ne ya sa murfin da robarsa ta tsage yakan sa lafiyayyar mota ta riƙa amai da ruwa alhali allura ba ta kai ja ba, kuma a ganina shi ne kayan da aka fi rainawa a duk tsarin sanyaya inji.

Bambanci na farko da na gani a nan shi ne abin da ake zubawa a lagireto. Babu mai zuba ruwan famfo zalla, domin sanyin hunturu yana daskarar da shi ya fasa injin. Kulant rabi da rabi yana jure sanyi har kusan digiri 36 ƙasa da sifili, kuma ana samunsa a gidajen mai da shagunan kayan mota, wani a gauraye, wani kuma mai kauri da ake sirkawa da tataccen ruwa. Motocin Volkswagen suna da nasu rukuni da aka rubuta a jikin jarka: G11 mai shuɗi ko kore, G12 mai ja, G13 mai ruwan makuba. Ana gargaɗi kada a haɗa G11 da G12 na asali, domin sukan yi dusa su toshe hanyoyi. Na san abin da za ku ce, mu ba mu da ƙanƙara. Gaskiya ne, amma kulant yana da aiki na biyu wanda ya fi shafar mu, wato hana tsatsa da kare famfon ruwa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin gishiri a cikin siraran bututun lagireto, kuma jan ruwan nan mai kama da jar ƙasa da muke gani idan an buɗe murfi, jikin injin ne yake narkewa a hankali.

Bambanci na biyu, wanda ya fi burge ni, shi ne cewa bakanike a nan yana aunawa kafin ya kwance. Na tsaya na kalli yadda aka duba tawa lokacin da na lura allurarta tana ɗan wuce 90 a kan hawa idan na yi lodi. Da injin ya yi zafi, sai ya ɗauko wata 'yar na'ura mai jan haske da ke auna zafi daga nesa, ya bi fuskar lagireto da ita daga sama zuwa ƙasa, ya nuna mini wani yanki a tsakiya da ya fi sauran sanyi sosai, alamar ruwa ba ya ratsa wurin. Bayan injin ya huce ya ɗaura famfon hannu a mazaunin murfi, ya hura iska, muka zuba wa agogon ido mu ga ko matsin zai sauka. Daga ƙarshe ya kafa wani bututun gilashi mai shuɗin ruwa a bakin robar, wanda launinsa ke juyawa zuwa kore ko rawaya idan hayaƙin injin yana shiga cikin ruwa. Ruwan ya tsaya shuɗi, ke nan gaskit ɗin kan injin lafiya lau yake, matsalar lagireto ce kaɗai. A motocin da suka fi tawa sabunta har kwamfuta ake saƙala musu a karanta ainihin zafin, domin kamfanoni da yawa sun saita allura ta zauna a tsakiya ko da zafin yana ɗan hawa da sauka.

Ba komai na nan ne ya fi namu ba. Ana biyan bakanike ne bisa awannin da ya yi, don haka da wuya ka sami wanda zai buɗe lagireto ya zura masa tsinke ya wanke, ko ya like inda ya huje da dalma. Sabo kawai za a sa. Masu gyaran lagireto na gida suna da basirar da ta yi ƙaranci a nan, kuma ina girmama su a kan haka. Binciken da hukuma ke wajabtawa duk shekara biyu, wanda aka fi sani da TÜV, ya fi karkata ga birki da fitilu da tsatsa da hayaƙi, saboda haka takardarsa ba ta nuna cewa cikin lagireto a wanke yake ba. Ku tuna da wannan idan ana yi muku tallar mota da takardun Turai.

Inda nake roƙon makanikanmu su sake tunani shi ne cire tamostat. Hujjar da ake bayarwa ita ce an yi shi ne don ƙasashen sanyi, amma idan ya buɗe gaba ɗaya ba ya tare ruwa yadda ake zato. Motar da aka cire mata shi tana daɗewa ba ta kai zafin aikinta ba, musamman da asuba da lokacin hunturu, sai ta ƙara shan mai, bakin mai ya yi saurin lalacewa, zobban fistin su ci. A wasu injunan ma tamostat ɗin ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin injin, idan babu shi sai wani kaso na ruwan ya riƙa kauce wa lagireto, zafin da ake gudu ya ƙaru. Abin da zafin ƙasarmu yake canzawa da gaske shi ne nauyin da ke kan lagireto. Idan iskar waje tana digiri 10, tazararta da ruwan injin digiri 80 ce, amma a ranar da ta kai 40 tazarar ta koma 50 kacal. Lagireton da ya toshe rabi zai iya wucewa a Jamus shekara da shekaru ba a gane ba, ya isa gida ya tona asirin kansa a bazarar farko. Saboda haka duk wanda ya karɓi irin wannan mota, ya fara da wanke lagireto ciki da waje, ya duba fanka da fambel da murfi, ya bar tamostat a mazauninsa, ko ya sa sabo mai lamba ɗaya da na asali.

Yadda allura take hawa ma yana nuna inda ciwon yake. Idan a cunkoso take hawa ta sauka a buɗaɗɗiyar hanya, a zargi fanka ko abin da ke tayar da ita. Idan a gudu ko a hawa da lodi ne, a duba lagireto da famfon ruwa. Idan kuwa ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ga kumfa a cikin roba, ga farin hayaƙi, ga bakin mai ya koma kamar an zuba masa madara, to gaskit ne, kuma ci gaba da tafiya zai iya lanƙwasa kan injin. Duk lokacin da allura ta doshi ja, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a kunna hita zuwa ƙarshe idan tana aiki domin ta janye wani zafin, a sami wuri a tsaya a kashe mota. Kada a taɓa murfi sai bayan aƙalla rabin awa, a sa tsumma mai kauri a murɗa shi a hankali, kuma kada a kwara ruwan sanyi a kan injin da ke tururi, domin yana iya tsaga shi.