Gadon jariri na katako, bayan wata 4 da amfani

Kafin ranar suna muka sa wani kafinta ya ƙera mana wannan gado, domin likitoci suna ba da shawarar jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa har wata 6, amma a shimfiɗarsa daban, kuma a rigingine. Na auna tazarar sandunansa da kaina, ba ta kai santimita 6 ba, saboda haka kan yarinyar ba zai maƙale ba. Katifar ce ta ɓata mini rai: ta yi laushi, kuma yatsuna uku suna shigewa tsakaninta da katako, sai da aka yanko mai tauri. Filon da ya haɗo mana na cire shi. Gidan sauron kuwa ya yi, ko da damina ba mu ga cizo a jikinta ba.