Daga Yamai zuwa Tawa da Cessna 152 a kwamfuta: agogon alkibla ya zame kamar na gaske

Wanda yake so ya gane ko Microsoft Flight Simulator na 2020, wasan tuƙa jirgin sama a kwamfuta, ya wuce wasan yara, ya bar manyan jiragen nan masu tuƙa kansu, ya ɗauki Cessna 152. Ba ta da GPS, sai kamfas, agogon alkibla da rediyon VOR, mai kama siginar tashar ƙasa ya nuna da allura ko jirgi na kan hanya. Da ita na gwada hanyar Yamai zuwa Tawa, kuma wallahi ban zaci za su bi ƙananan abubuwa har haka ba.

Daga filin Diori Hamani, wato DRRN, zuwa filin Tawa, DRRT, mil 198 ne kai tsaye, a milin jirgi mai mita 1852. Alkibla digiri 65. Na sa iskar hunturu daga digiri 40 mai gudun mil 15 a awa, na ƙara ƙura a sama har hazo ya rufe nesa. Iska irin wannan tana tura jirgi dama, shi ya sa ake riƙe 61 a maimakon 65. Tana kuma cin gudu, mil 95 ya koma wajen 81 a ƙasa. Tafiyar awa biyu da rabi ke nan, galan 15 na mai cikin 24 da rabi da tankuna ke bayarwa. Tsayi ƙafa 5500.

Farkon hanya babu wuya. A sa 114.1, mitar tashar VOR ta Yamai, a rediyo, a murɗa OBS, wato maɓallin zaɓen alkibla, zuwa 65, alama ta nuna FROM, wato ana barin tashar, a riƙe allura a tsakiya. Wajen minti 40 sai ga Baleyara a ƙarƙashin fiffike, da koren kwarin Dallol Bosso ya ratsa daga arewa zuwa kudu. Har titin Filinge ana gani sarai.

Bayan awa guda allurar VOR ta saki, don siginar tasha ba ta bin lanƙwasar ƙasa, kuma jirgin da ke ƙasa-ƙasa shi ke fara rasa ta. Daga nan sai agogon alkibla kaɗai, kuma a nan abin mamakin yake. Agogon yana nuna 61 daram, amma lokacin isa ya cika babu Tawa, babu alamarta, sai jan fako da tsiraran gonaki. Da na duba kamfas ɗin da ke saman gilashi, ya bambanta da agogon da digiri goma sha wani abu. Wannan agogon da faifai mai juyawa yake aiki, kuma a jirgin gaske yakan zame har digiri 3 cikin minti 15. Sun saka wannan a ciki! Muddin allurar VOR na aiki kuskuren ba ya fitowa, don mutum yana gyarawa bai sani ba. Tana sakewa sai ya fara taruwa: digiri ɗaya a mil 60 kaucewar mil ɗaya ce, digiri 10 mil goma, a cikin hazo kuwa mil goma ya isa ya ɓoye gari sukutum.

Maganin shi ne kowane minti 15 a daidaita fikafikai, a bar gudu yadda yake, a jira kamfas ya natsu, sannan a murɗa agogon ya yi daidai da shi. Kada a karanta kamfas ana cikin kwana ko ana ƙara wuta, ƙarya yake yi a lokacin. Danna harafin D a kwamfuta yana gyarawa nan take, amma ni ban ba da shawararsa ga mai koyo ba. A kuma tabbata Gyro Drift, wato zamewar agogon, a kunne yake cikin saitin taimako.

To, duk wannan daɗin sandar tuƙin da na saya a kasuwa ta so ta ɓata shi, kuma har yanzu abin yana min ciwo. Mai shagon ya rantse sabuwa ce fil. Sati uku ba ta yi ba tsakiyarta ta saki: a ɗauke hannu, jirgi ya riƙa kwantawa hagu a hankali. A tafiyar da digiri biyu ke da muhimmanci, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, don ba ka sanin ko iska ce, ko agogo, ko sanda. Na koma wurinsa ya ce ba a mayar da kayan da aka buɗe. Na ƙara Dead Zone, wato yankin tsakiyar sanda da wasan ba ya kula da motsinsa, zuwa kashi 8 cikin ɗari, kwantawar ta tsaya, amma sai jirgin ya yi nauyin amsawa wajen sauka, daidai inda ake son hannu mai laushi. Murɗar sandar mai juya wutsiyar jirgi ma tana rawa, har jirgi ya riƙa tangaɗi a kan hanyar tashi. Duk mai saye ya sa a jona ta a kwamfuta a gabansa, ya saki hannu, ya ga ko alamar tana tsayawa cak a tsakiya.

Hotunan ƙasa ta intanet suke zuwa, saboda haka a ware wa Rolling Cache, wato ma'ajiyar hotunan da aka sauke, wuri a kwamfuta, a bi hanyar sau ɗaya da dare lokacin da layi ke da ƙarfi. In ba haka ba Dallol Bosso zai fito dusu-dusu, kuma ita ce alamar da ta fi kowace fitowa fili kafin allurar VOR ta saki.