Sharhi kan zagayen unguwar Montmartre da ƙafa

A watan jiya na biya kuɗin zagayen awa biyu da rabi a Montmartre, unguwar masu zane da ke kan tudu a arewacin Faris, kuma ban yi da-na-sanin kuɗina ba.

Abin da ya fi burge ni game da matar da ta jagorance mu shi ne ba ta yi wa tarihin wurin kwalliya ba. Tun daga gindin tudun ta faɗa mana cewa arahar haya ce ta tara masu zane a nan, domin har zuwa 1860 Montmartre ƙauye ne a wajen birni, inda harajin shigo da kaya bai kai ba, saboda haka ɗaki da abinci da giya duk suna da sauƙi. Ta tsayar da mu a titin Lepic, gaban gida mai lamba 54, inda shahararren mai zane Van Gogh ya zauna da ƙanensa Theo daga 1886 zuwa 1888. Amma inda jikina ya yi sanyi shi ne Bateau-Lavoir, gidan katakon da mai zane Picasso ya tare a cikinsa a 1904, lokacin da mazaunansa duka suke ɗibar ruwa a famfo guda, suna fama da hunturu ba abin ɗumama ɗaki. Gobara ta cinye shi a 1970, aka sake gina shi, yau sai 'yan tsofaffin hotuna a bayan gilashi. Na daɗe ina kallonsu har ayarin ya bar ni.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma babba ne a wurina. A kan tudun nan aka fara boren talakawan Faris ranar 18 ga Maris, 1871, sa'ad da sojoji suka zo kwashe igwogin da jama'a ke tsaro, shekara huɗu kafin a aza harsashin cocin Sacré-Cœur da ke ƙololuwar tudun. Wannan babi ya cancanci natsuwa, amma minti biyu kacal jagorarmu ta ba shi, sannan muka ɓata kusan rabin awa a cunkoson dandalin Tertre, inda kujerun gidajen abinci suka matse masu zanen fuskokin baƙi zuwa gefe.

Duk mai niyyar zuwa ya zaɓi zagayen safe, ya kuma sa takalmi maras tsini, domin titunan na dutse ne kuma hawan ba wasa ba ne.