Ƙamus ɗin aljihu na Ingilishi da Faransanci: an auna shi da kalmomin farfaɗowa

Duk wanda ya bi ta wurin masu shimfiɗa littattafai a ƙasa a kewayen Babbar Kasuwar Yamai ya san shi: ɗan ƙamus mai shiga aljihu, rabi Ingilishi zuwa Faransanci, rabi Faransanci zuwa Ingilishi. Ƴan lakwal ne manyan masu sayensa, daga ajin sizyem (ajin farko na sakandare) inda ake fara Ingilishi har masu shirin bak (jarrabawar ƙarshen sakandare). Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya sa Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci, ma'aikacin ofis ma ya samu dalilin ajiye ɗaya a aljihun tebur.

In sunan kaya kake nema, ko ranakun mako, ba shi da laifi. Ba ya cin caji, ba ya neman intanet. Inda yake gazawa shi ne wajen kalmomin da ake faɗa idan mutum ya faɗi ya tashi, ko daga ciwo, ko daga asara, ko daga ambaliya.

Fara da recover. Ƙaramin ƙamus zai jera maka récupérer, se rétablir, se remettre a layi guda, ba misali ko ɗaya. Ba zai gaya maka cewa kalmar tana da fuska biyu ba. In ciwo ne, dole from ya biyo baya: she recovered from malaria, ta warke daga zazzaɓin cizon sauro. In abin da ya ɓace ne aka samo, babu from: the police recovered the motorbike. Ɗalibin da ya yar da from ya rubuta she recovered malaria, to ya ce ta nemo zazzaɓin ta mai da shi gida. Lafazin ma ana tuntuɓe a kansa. Nauyin yana kan gaɓa ta biyu, wasalin kuma kusa yake da "a": ri-KA-va, ba rikova ba.

Babban ramin shi ne recuperate, don ya yi kama da récupérer kamar an tsaga kara. A Faransancin da muke yi kullum, da récupérer ake karɓo saƙo a tashar mota, da shi ake ɗauko yaro daga lakwal. A Ingilishi, yawancin aikin recuperate shi ne hutun da maras lafiya yake yi har ƙarfinsa ya dawo, wato murmurewa. Saƙon tasha collect ake cewa, ko pick up. Wanda ya rubuta wa abokin cinikinsa na Kano ko Akara I will recuperate my parcel, za a gane shi da ƙyar, kuma nan take za a san daga Faransanci ya kwaso.

Abin mamaki, Hausa ta fi Faransancin ƙamus ɗin taimako a nan, don ta riga ta rarrabe matakan. Wanda ya suma ya farfaɗo, come round ke nan. Wanda ya kai bakin kabari Allah ya yi da sauran kwana, he pulled through, kuma ba a faɗarta don mura. Wanda ciwo ya sake shi amma jiki bai koma ba, yana murmurewa, he is recuperating. Ɗan kasuwar albasar Galmi da kaya suka ruɓe masa bara, bana ya mai da kuɗinsa, he recouped his losses, domin recoup ta kuɗi ce kusan ko yaushe. Rubuta Hausar da fensir a gefen kowace kalma. Wannan gyaran ya fi kuɗin littafin daraja.

Bounce back fa? Sau da yawa sai ka tarar da bounce kawai, an ce rebondir, an wuce. Hoton ƙwallo ne da aka buga da ƙasa ta taso nan take, shi ya sa kalmar take ɗauke da sauri da ɗan annashuwa. Ta dace da ƙungiyar ƙwallo da aka lallasa ta rama a wasa na gaba, ko farashin da ya faɗi ya hau. Kada a sa ta a takardar ta'aziyya. Kuma in an ce saƙon imel ɗinka ya yi bounce back, bai isa ba ne, ya dawo maka.

Masu rubuta rahoto ga ƙungiyoyin agaji su ne ya kamata su fi yin hattara. Bayan bala'i irin ambaliyar kogin Kwara ta 2020 a Yamai, abin da ake kira relèvement précoce shi ne early recovery, wato matakan farko na farfaɗo da jama'a, kuma ƙamus ɗin aljihu ba a yi shi don irin wannan ba. Resilience kuwa hali ne, ba aikin da aka yi ba. Juriya ta kusa da ita, sai dai juriya shanyewa ce, resilience ta haɗa da iya miƙewa bayan an sha.

Ga mai waya, shafin intanet na Oxford Advanced Learner's Dictionary kyauta ne, yana da misalai da muryar lafazin Ingila da na Amurka. Littafin kansa ya fara fitowa a 1948, bugu na goma a 2020. Nauyi gare shi, amma shi ke nuna inda from yake zama.

In dai na aljihun za ka saya, yi gwaji uku kafin ciniki. Buɗe pull ka ga ko akwai pull through a ƙarƙashinsa. Buɗe rally ka ga ko an ba da ma'anar farfaɗowar maras lafiya ko farashi, ba taro da tseren mota kawai ba. Sannan ka buɗe tsakiyar littafin sosai ka duba gindinsa. Na jabu da gam kaɗai aka haɗa shi, zafin Afrilu yana busar da gam ɗin shafuka su fara zuba, wani lokaci ma tun daga maɗaba'a an tsallake shafuka 16 ko 32 a jere. Bi lambobin shafi da yatsa, musamman wajen harafin R.